Motar Surukina Da Shirun Da Na Yi A Shagon Kayan Inji

Assalamu alaikum Edita, tare da masu bibiyar wannan shafi. Labarin da zan ba ku babu duka a ciki babu zagi, wani ma zai iya cewa ai zancen mota ne kawai. To, zancen motar ne, amma har yau idan na tuna sai abin ya dame ni, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi.

A lokacin ban daɗe da aure ba. Ina aikin kula da janaretocin manyan gine-gine a Dubai, ni da maiɗakina muna zaune a wani ɗan fulat a Al Nahda. A garejin kawuna na tashi a Kano, tun ban kai tsayin bonet ba nake miƙa sifana, don haka idan ana maganar inji ba na jin tsoron kowa. A wurin aiki an san ni da baki. Ba Bature ba Ba'indiye, idan ka kawo shirme a kan inji sai na gaya maka a gaban kowa. Mutum ɗaya ne idan na gan shi harshena yake ɗaurewa, wato surukina, mahaifin matata. Alhaji tsohon ɗan kasuwa ne da ya daɗe yana lodin kaya daga Dubai zuwa gida, yana da sito a Al Qusais. Ba mai faɗa ba ne, ni ne dai aka raina da cewa suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, balle a ce masa ya yi kuskure. Shi ma ba ya kiran sunana, Injiniya yake ce mini, yawanci ma yana kallon wani wuri daban.

A can ƙuryar siton nan akwai wata tsohuwar motar Amurka, doguwa, mai silinda takwas, irin wadda idan ta tashi har a ƙirji kake jin ta. Alhaji ya saye ta tun yana da ƙarfinsa, yana ji da ita ƙwarai. Wata bazara motar ta yi zafi a cunkoson hanyar Sharjah, top silinda ɗinta duka biyu suka tsage, aka jawo ta aka lulluɓe. Top silinda shi ne murfin da ke saman inji, inda bawul suke, ta nan iska da mai suke shiga, hayaƙi ya fita. Ta daɗe a ajiye, sai ciwon suga ya fara taɓa idon Alhaji. Likita ya gaya masa gaskiya cewa ganin raguwa zai ci gaba da yi, ga lasisinsa kuma ya kusa ƙarewa, sabuntawa sai an gwada ido. Shi ne ya aiko matata ta gaya mini yana so a tayar da motar kafin lokacin sanyi, ya tuƙa ta da hannunsa zuwa duwatsun Hatta kamar yadda ya saba a da. Burin ke nan gaba ɗaya, dattijo yana so ya ja motarsa kafin a karɓe masa sitiyari.

Ranar hutuna muka tafi shagunan kayan mota na Sharjah, yana gaba ina baya. Top silinda na asalin motar an daina yin su, sai dai na wasu kamfanoni da suke ƙera madadinsu, kuma kala-kala ne. Mai shagon, wani Balarabe mai fara'a, ya jera mana su a kan tebur. Akwai top silinda masu matsakaitan ƙofofin iska, da manifol ɗinsu gajere. Manifol shi ne abin da kafireto yake zama a kai, yana rarraba iska da mai zuwa kowace silinda. Waɗannan su ne na motar titi, wadda za ta tsaya a danja ta tashi a hankali. Sannan akwai na tsere, ƙofofinsu manya, manifol ɗinsu dogo kamar tukunya, sai ƙyalli suke. Wanda bai sani ba zai ɗauka babbar ƙofa ita ce ƙarfi. Amma abin kamar tiyo ne, idan bakinsa ya yi faɗi ruwan ba ya nisa. Manyan ƙofofi ba sa aiki sai inji yana ihu a ƙurewar totur, a ƙaramin gudu kuwa iskar mutuwa take a ciki, mai ya kwanta, mota ta riƙa tari.

Duk wannan na san shi tun kafin mu shiga shagon. Amma Alhaji ɗan kasuwa ne, rayuwarsa duka lamba ɗaya yake tambaya, ko atamfa ce ko firji. Ya tambayi wanne ne ya fi kowanne, mai shago ya nuna na tsere. Don Allah ban ɗora wa mutumin laifi ba, har sai da ya tambaya wane irin tuƙi za a yi da motar, ya juyo yana kallona don ya ga alamar ni ne makanikin. Ni kuwa na kafa wa takalmina ido. Alhaji ya shafa dogon manifol ɗin, ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ko me Injiniya ya gani?" Zuciyata tana cewa wannan zai kashe motar, bakina ya ce, "Ya yi kyau, Alhaji. Allah ya sa albarka." Mai shago ya ce khalas, wato shi ke nan, aka ɗaure kaya.

Da na koma gida na gaya wa matata. Ta dube ni ta ce ni da nake hana Turawa sakat a wurin aiki, yau tsoho mai sanda ya gagare ni? Ta ce ita za ta gaya masa, ai babanta ne. Na hana ta. A ganina hakan ya fi muni, zai zama na ce ya yi kyau a gabansa na koma bayan idonsa ina sukar zaɓinsa. Na ce mata ta bari, zan yi dabara in daidaita abin da hannuna, ba sai ya sani ba. Ta ce to, amma irin "to" ɗin da mata suke yi idan sun gama da kai.

Daga nan wahala ta fara. Duk ranar hutu ina sito, cikin zafin da ko ƙarfe ka taɓa sai ka sake shi, fanka tana hura mini iskar wuta. Na ɗora top silinda, sai bututan salansa suka ƙi haɗuwa da su, don ramukan hayaƙin sun fi na da tsayi. Aka nemo wasu. Aka zo kan sandunan da ke tura bawul, suka yi gajere, aka yi odar wasu daga waje muka zauna jira. Kowane abu ka gyara sai ya haifi ɗan'uwansa. Ranar da na ɗora manifol da kafireto na zo rufe bonet, ya ƙi rufuwa, ya tsaya a kai kamar hular da ta yi wa mutum kaɗan. Nan ma wata dama ce Allah ya ba ni in ce Alhaji, mu mayar da kayan nan. Yana zaune a kujerarsa ta roba a bakin sito da kofin shayinsa, ya tambayi yaya za a yi. Na ce sai dai a huda bonet. Ya ce idan haka aikin yake a huda. Ni na riƙe injin yankan da hannuna, na yanka bonet ɗin da bai taɓa ko lotsawa ba.

Da ta tashi, ƙararta ta tara mana ma'aikatan sitocin maƙwabta, ana ta ɗaukar hoto. Alhaji har murmushi ya yi. Amma da na fita da ita layin bayan sito, abin da na sani shi ya faru. Ka taka a hankali ta yi tari ta mutu, ka taka da ƙarfi ta zabura kamar za ta shiga bango. Mai lafiyar ido ma sai ya yi da gaske, balle wanda yake ganin danja dishi-dishi. Na canza kafireto, na canza fulogi, na sake saiti ban san iyaka ba. Wani ya ba da shawarar a sa kamshaf na tsere, wato sandar da ke buɗe bawul, don ya dace da manyan ƙofofin, na sa, sai silo, wato yadda inji ke aiki idan mota tana tsaye, ya ƙara lalacewa, birki ma ya yi tauri saboda injin ya daina zuƙar iskar da ke taimaka masa. Muka kai ta wajen gwaji don rajista, suka ga bonet a huje da wannan ƙara, suka ce ba za ta hau titi a haka ba. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne haka zan ce.

Sanyi ya shigo, masu tsofaffin motoci suka fito da su suna yawo da yamma, tamu tana kan jak. Alhaji bai taɓa yi mini ƙorafi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Kullum sai dai sannu da aiki, Injiniya, Allah ya yi albarka. Na rame, na zama mai saurin fushi a gida, matata ta daina tambayata labarin mota. Ni kaina na kai inda ko warin fetur na ji sai raina ya ɓaci. Haka sanyin ya wuce muna kallo. Da lokacin sabunta lasisi ya yi, Alhaji ya je gwajin ido bai ci ba.

Bayan kwana biyu na je sito in kwashe kayan aikina, na same shi shi kaɗai a cikin motar, a kujerar direba, hannunsa a kan sitiyari. Na juya zan fita ya kira ni, ya ce in shigo in zauna. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ya tambaye ni, tsakani da Allah, tun yaushe na san kayan nan ba su dace ba. Na ce tun a shago. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce shi ma tun da ya ga tsayin abin nan gabansa ya faɗi, kuma ranar da aka ce za a huda bonet kwana ya yi bai ji daɗi ba. Amma tunda ni na ce ya yi kyau, kuma ni ne masani, ya ga idan ya ce a canza kamar ya ƙaryata mijin 'yarsa ne a kan sana'arsa. Sannan ya ce, "Injiniya, ina da direbobi, ina da masu ɗaukar kaya. Na tafi da kai ne don ka hana ni."

Wata da watanni ina jin kunyarsa yana jin kunyata, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa, lokacin da ya rage wa idonsa yana tafiya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sauƙin gyaran. Na koma shagon na ɗauko masu matsakaitan ƙofofi da gajeren manifol, na mayar da kamshaf ɗinta na da, na samo bonet a wajen masu tsofaffin motoci. Aikin da ya cinye mana sanyi guda, wannan karon bai kai wata ba. Ta tashi lafiya, silo ɗinta shiru, ta ci gwaji ba gardama. Da sanyi ya zagayo na kai shi Hatta, ni a sitiyari shi a gefe. A hanya yana ta tambayata yadda take amsa totur a hawa, ina gaya masa, yana gyaɗa kai. Na so in tsaya a wani fili in ce ya karɓa ko na ɗan taƙi ne, ya ce a'a, ba zai ɗauki alhakin kowa ba. Bai daɗe ba ya miƙa harkar sito ga 'ya'yansa ya koma Kano. Motar tana nan, ya ce in riƙe, ni kuwa ba na iya hawanta sai dai in tayar da ita ta yi ɗumi in kashe.

Ga masu tsofaffin motoci, shawarata ita ce kafin ku sayi top silinda ko manifol ku fara tambayar kanku inda za ku je da motar. Idan masallaci ne da kasuwa da ɗan yawon yamma, ku bar kayan tsere wa masu tsere, ku auna tsayin bonet tun a shago, kuma kada ƙyalli ya ruɗe ku. Ga 'yan'uwana matasa kuma, ban ce ku daina jin kunyar surukai ba, ni ma har gobe ba na cin abinci a gaban nawa. Amma idan babba ya tambaye ka abin da ka sani, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka sassauta murya yadda kake so, sannan ka faɗa masa gaskiya. Na ɗauka shirun da na yi ladabi ne, sai daga baya na gane kaina nake karewa daga jin nauyi na minti ɗaya. Alhaji ya ce ya yafe mini, har cewa ya yi laifin na mu biyu ne. Duk da haka, duk lokacin da muka yi waya sai ya tambaye ni yadda motar take tafiya, ni kuma in sake ba shi labarin tuƙin Hatta da shi ya kamata ya yi.