Marainiya a Tagar Vlastimil

Duk unguwar Židenice ta birnin Brno an san tagar Vlastimil Kubeš. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran birkin jiragen ƙasa na cikin gari, amma ba wanda ke tuna wannan. Da kaktus aka san shi, 'yan tsirran nan masu ƙaya da ba su fi ƙwan kaza girma ba. Gidansa tsohon gini ne mai taga biyu-biyu, ta ciki da ta waje, shi kuwa ya cika tsakaninsu da ƙananan tukwane, har haske sai ya nemi izini kafin ya shigo.

Kowace tukunya da 'yar alamarta a soke, an rubuta suna da fensir. Mutum ne da bai iya zama da abin da bai san sunansa ba. Matarsa Drahuše kuwa tun aurensu take faɗa masa, "Mutane na shuka abin da za a ci, kai kana kiwon ƙaya."

Guda ɗaya ce ta gagare shi. Tsoho Šebesta, wanda ya sa shi a wannan hanya, shi ya ba shi ita kafin ya rasu, rana ta riga ta cinye rubutun alamarta. "Ni ma na manta ko wace ce," in ji tsohon. "In ta yi fure za ta gaya maka da kanta." Haka abin yake kuwa, irin waɗannan ƙanana ba a rantsuwa a kan sunansu sai an ga launin furen da inda ya ɓullo.

Shekara tara ko alamar fure babu.

Talatar farkon kowane wata masu kaktus ke haɗuwa a ɗakin baya na wata mashaya, kuma abokinsa Lubor ba ya barin ranar ta wuce salin-alin. "Vlastik, ya marainiyarka? Na ce maka Rebutia ce, ka ƙi ji. Ko dai dankali Šebesta ya soka wa ƙaya ya ba ka?"

Vlastimil yakan yi dariyar yaƙe, amma abin na cin sa. Ya canja mata ƙasa, ya ƙara dakakken jan bulo, ya duba saiwa da gilashin ƙara girma. Dokar kuwa bai taɓa karya ta ba: daga Oktoba zuwa Maris ba a ba kaktus ko ɗigon ruwa, don sanyi da ƙishirwa su ke sa ta yi fure. Abin mamaki, sauran duk sukan fito daga hunturu a yamutse, ita kaɗai takan fito ɓul-ɓul.

A shekara ta goma 'yarsu ta haifi tagwaye a birnin Ostrava, Drahuše ta tafi taya ta reno tun Nuwamba, ba ta dawo ba sai Afrilu. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta nufi taga.

"Kai tsoho, wa ya yi wa wannan haka? Dubi yadda ta rame!"

"Ai haka ake so," in ji shi. Sai ya tsaya. "Dakata. Ke ya aka yi kika san yadda take a da?"

"Ruwa cokali ɗaya ne fa. Ran Lahadi, in ka fita sayo jarida."

"Cokali ɗaya? Drahuše, shekara tara!"

"To me? Sauran kowace da takardarta, kana kiran sunayensu kamar 'ya'yanka. Ita ba suna, ba kowa, ga ƙishirwa. Ni ban iya gani in ƙyale ba."

Ya so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Shekara arba'in da ɗaya yana zaton matar nan ko kallon tagar ba ta yi.

A watan Mayu furen ya ɓullo daga gindi, ya buɗe da tsakar rana, mai launin ruwan lemo, ya kusa rufe uwar tasa. Vlastimil ya baje littattafai. Rebutia heliosa ce. Ashe Lubor mai bakin tsiya ya canka.

"Duk wannan wahalar don furen kwana uku?" in ji Drahuše. Amma ta jawo kujera ta zauna, har miyar kabejinta ta kama.

Ya feƙe fensir ya rubuta sunan a sabuwar alama. Ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya jefa ta a aljihun tebur, ya bar tukunyar ba suna.

Wata Lahadi a ƙarshen Oktoba ya fita sayo jarida, sai ya tuna ya bar tabarau, ya juyo. Daga bakin ƙofa ya hango Drahuše ta buɗe tagar ciki, tana lallaɓa cokali zuwa tukunyar marainiyar kada ruwan ya zube. Ya san sarai wannan cokalin ya cinye furen baɗi. A hankali ya ja ƙofar, ya sauka ba tabarau.