Dabinon Sa Rana

Ina tsaye a bakin injin niƙa da ƙwaryar masara a hannu, wani mutum ya tsayar da mashin a gefena. Bai kashe shi ba. Ya ce, "Hajiya, ya gajiyar hanya? Ya mutanen Jidda?"

Ban san shi ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Tsohon hijabin ƙanwata ne a jikina, wanda ya koɗe har ba a gane launinsa, da silifas ɗin Inna. Kwanana tara da dawowa garinmu, kuma ba wanda ya kira ni Hajiya, don ba wanda ya kamata ya san inda na fito. Na sunkuyar da kai kamar ba da ni yake ba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Mun ci dabino. Allah shi sanya alheri." Ya ja mashin ɗinsa a hankali, ya bi hanyar da ta fita bayan gari. Ban jira niƙan ba. Da na shiga gida Inna ta dubi ƙwaryar ta ga masara yadda na fita da ita, sai ta ajiye muciyar da ke hannunta.

Shekara huɗu na yi a Jidda wurin Yakumbo, yayar Inna, tun bayan da na gama sakandare. Ɗaki biyu muke da su a saman wani tsohon bene, da esi mai ɗigar ruwa wanda muke tara wa bokiti. Sana'armu koko da ƙosai da waina. Da safe Hausawan unguwar, direbobi da teloli da masu wankin mota, suna tsayawa a ƙofar ƙasa, ni nake sauka da kula in sallame su. Rayuwar kenan: wanke wake, markaɗe, suya, sai wankin tukwane. Ran Juma'a da yamma mu kira gida. Wani lokaci a same su, wani lokaci a yi sati biyu layin garinmu a rufe.

A ƙofar nan na san wanda zan aura. Tela ne, ɗan Sabuwa. Ranar farko na ce masa, "Mi kake so?" sai ya tsaya yana kallona.

"Ke ba Bakanuwa ba ce."

"Wa ya ce maka ni Bakanuwa ce?"

"To 'yar ina?"

"Ƙanƙara."

"Ashe maƙwabta ne. Shi ya sa ƙosan naki ƙanana, mun san halinku."

Na ce in bai so ya hau mota ya tafi Sabuwa ya sayo manya. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Sai da ya shekara yana sayen ƙosan da yake kushewa kafin ya hau benen ya gaida Yakumbo, ya zauna a bakin tabarma yana murza hularsa. Yakumbo ta kira Baba ta faɗa masa. Baba ya ce, "Ni ba ni ba da ɗiya ta waya. Ta zo in ga idonta, in ji daga bakinta tana so." Shi telan aiki bai bar shi ya taho ba, ya ce kawunnansa za su tsaya masa. Ni kaɗai na taho, da nufin in yi sati uku in koma.

A garinmu, ɗan ƙauye ne da ke kusa da Yargoje, duk shekarun nan an san ina Kano ne wurin Yakumbo. Haka Baba ya tsara tun ranar da na tafi. A wurinmu yanzu, in aka ce gidan wane suna da ɗa a ƙasar waje, to an nuna wa mutanen daji ƙofar gidan. Kuma kowa ya san ba da ka suke shigowa ba, wani ne a cikin gari yake faɗa musu. Don haka Yakumbo ta hana ni akwati, ta zuba mini kaya a tsohuwar jakar leda. Ta ƙwace turarena da zobena. Abu ɗaya ne ba ta iya ƙwacewa ba, haƙorin Makka da na sa bayan na sauke farali. Ta ce, "Wannan bakin ki rufe shi. Ki zama mai kunya ko da sati uku ne a rayuwarki." Da Inna ta gan shi ta yi murmushi, sai kuma ta ja ni ɗaki ta ce kada in kuskura in yi dariya a waje.

Baba ya tambaye ni a zaure, ni da shi kaɗai. Na ce ina so. Ya ce to, alhamdu lillahi.

Kwana biyar da zuwana kawunnansa suka iso daga Sabuwa, su uku a kan mashin biyu. Suka kawo goro da alewa da cingam kamar yadda aka saba, aka yi addu'a, aka sa rana bayan girbi. Sai babbansu ya kwance wani buhu ya fito da kwalaye shida masu rubutun Larabci. Ya ce yaro ne ya aiko tun watan jiya ta hannun wani mai dawowa, ya ce lallai a haɗa da kayan sa rana. Dabino ne baƙi, manya, mai laushi kamar an kwaɓa shi da zuma. Na taɓa ce masa shi na fi so, sau ɗaya, a bakin ƙofa. Ashe ya riƙe.

Bayan sun tafi Baba ya ce a kai kwalayen ƙuryar ɗaki. Gwaggo, yayarsa, wadda ita ke rabon kayan duk wani biki na gidanmu tun kafin a haife ni, ta ce ba ta san wannan ba.

"Kayan sa rana ba a ɓoye su. Na jama'a ne. Wanda ya ci shi ne shaida."

"Yaya, goro da alewa sun isa shaida."

"Dangin yaro su ji an tura dabinonsu ƙarƙashin gado? Su ce mun raina, ko su ce mun cinye mu kaɗai? Kai dai tun kana yaro tsoro gare ka, ko akuya ta yi atishawa sai ka ɓuya bayana."

Inna ta sa baki aka yi sulhu. Aka juye dabinon a faranti, aka cusa kwalayen a murhu, aka sa ƙwaya bibbiyu a kowane ƙulli tare da goro da alewa. Ina zaune ina taya su ƙullawa, ina jin daɗi ma, wallahi. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa dabinon kasuwarmu busasshe ne mai tauri, kuma duk tsohuwar da ta taɓa tarbar alhaji ta san wannan baƙin daga inda yake zuwa.

Sai maganar gida ɗaya ta taso, na ƙarshen gari wajen tsamiya. Mai gidan bai noma, bai kasuwa, amma ya yi sabon rufin kwano, kuma waya biyu yake riƙewa. Ba wanda ya taɓa faɗin komai a kansa da ƙarfi. Baba ya ce a tsallake gidan. Gwaggo ta ce, "In ka tsallake shi ka hwaɗa mashi mun san shi. In ka ba shi, maƙwabci ka ba." Ita da kanta ta kai wa matar gidan. Har yau ban sani ba ko daga can maganar ta fita. Gida sama da sittin aka kai wa.

Ranar da mai mashin ya gaishe ni, Baba ya dawo daga gona kafin azahar. Ya sa na maimaita masa maganar sau biyu. Ya tambayi launin mashin, ya tambaya ko da rawani. Na ce hula ce kawai, da rigar sanyi ko da yake ana zafi. Ya tashi ya ɗauki buta ya yi alwala, alhali lokacin salla bai yi ba.

Washegari da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Lambar ba suna. Muna tsakar gida muna jin muryar, don wayar Baba ba ta da sirri. Aka ce, "Malam, an ce an yi alheri. Ango dai yana can? Ita amaryar yaushe za ta koma?" Baba ya ce, "Wa ke magana?" Aka ce, "Mai yi maku fatan alheri ne." Aka kashe. Gwaggo tana zaune a kan turmi. Tunda nake ban taɓa ganin an yi magana a gidanmu ba ta ce uffan ba sai ranar.

Da yamma telan ya same ni a waya, muryarsa fes, ina jin ƙarar keken ɗinki a bayansa. Ya ce, "Amarya, dabinon ya yi daɗi? Na zaga shago huɗu kafin in sami irin naki." Na ce ya yi daɗi. Ya ce me ya sami muryata. Na ce mura ce.

Damina ce, dawa ta fi mutum tsawo, ta kewaye garin har bakin katangar gidanmu. Da can ina son ganinta. Yanzu iska na kaɗa ta sai in ji kamar tafiya ake a ciki. Na wuni a ɗakin Inna, ƙofa a rufe, ina jin duk mashin ɗin da ya wuce, ina sauraro ko zai tsaya.

Gwaggo ce ta kawo shawarar yadda za a fitar da ni daga garin. Ta ce ba za a nemo mota ta musamman ba, don nan da nan za a lura. Akwai a-kori-kura da ke kwasar mata da buhuna zuwa bakin kwalta ranar kasuwa, in rana ta ɗaga. Ta ce, "Ni na raba, ni zan fitar da ita." Da safe ta sa mini zanen da take zuwa gona da shi, ta cusa mini kanumfari a kumatu, ta ɗaure mini haɓa da ɗankwali har saman kai kamar mai ciwon haƙori. Ta ce ko mahaifina ne ya yi mini magana a hanya kada in buɗe baki. Jakata ma a gida aka bar ta, fasfo kaɗai Gwaggo ta soke a lalitarta. Inna ba ta rako ni ko zaure ba. Tana tankaɗe ta ce, "Sai kun dawo, Allah ya sawwaƙe," da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Na ga garin yana zuba a ƙasa gefen faranti ba ta lura ba.

Mu goma sha wani abu ne a bayan motar, da buhunan masara da kaji. Hanyar ta ratsa ta cikin gonaki, ganyen dawa na shafar mu ta kowane gefe. Mata suna ta hirar tsadar taki. Wata ta ce mini sannu, Gwaggo ta amsa mini. Da muka gangara wani kwazazzabo sai direba ya taka birki, hirar ta yanke.

An gitta icce a hanya. Mutum huɗu ne, da bindigogi. Biyu da riga irin ta 'yan sa-kai, biyu da kayan gida. Wannan bai nuna komai ba, don kowa ya san riga ana sayenta, ana kuma cire ta daga jikin wani. Ɗaya ya tsaya wurin direba yana tambayarsa daga wane gari. Direba ya faɗa. Sai wani siriri ya zagayo baya, ya dafa ƙarfen motar, yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, bai gaggawa. Da ya zo kaina ya tsaya.

"Wannan fa? Ke, ɗago."

Na ɗago. Kanumfarin ya tara mini yawu, na kasa haɗiyewa.

"Mi sunanki?"

Gwaggo ta ce, "Haƙori ne, ɗana. Kwana ukku ba ta bar mu mun runtsa ba. Ga ta nan ƙatuwar banza, miji ya kawo mana ita ya gudu. In kana da magani taimaka, in kuma kana so in bar maka ita, ka hutar da ni."

Wata tsohuwa ta yi dariya, ina jin dariyar tana rawa. Ya ci gaba da kallona. Yawun ya gangaro ta gefen bakina ya sauka a hijabi, ban goge ba. Ya yamutsa fuska ya ce, "Allah shi kyauta." Ya buga jikin motar sau biyu, aka janye iccen. Har yau ban san su wane ne ba. Wata a motar ta ce 'yan sa-kai ne, ta san ɗaya. Wata ta ce ba su ba ne.

A bakin kwalta muka sauya mota. Na ga allon Mairuwa ya wuce ta taga, na ga masu sayar da rake, na ga 'yan makaranta suna tafiya a gefen titi kamar ba komai a duniya. Hannun Gwaggo yana kan cinyata tun daga kwazazzabon, ta damƙe har sai da wurin ya yi shati.

Ana kiran sallar azahar motar ta tsaya a ƙofar gidan ƙanin Inna a Funtuwa. Kawu yana tsaye a waje da waya a kunne, ina jin yana cewa, "Sun iso, Malam, ga su nan ina ganinsu." Ya buɗe ƙofar ya leƙo ya ce, "Sauko, ɗiyata. Nan ba mai taɓa ki. Kin fita."

Na ji shi sarai. Na ce wa ƙafafuna su tashi, suka ƙi. Direba yana ta cewa Hajiya a yi haƙuri a sauka yana da lodi, Gwaggo kuma ta kifa kai a bayan kujera tana kuka kamar ƙaramar yarinya, Kawu yana ta maimaitawa, kin fita, kin fita.