Bakan da na ɗaure a baibai

Har na tsufa ba zan manta da wata ranar Talata ta watan Maris ba, a siton Kawu Sabi'u da ke ƙarƙashin ƙasa kusa da kasuwar Tianxiu. Ku da kuka zo Guangzhou bana ba ku ga irin wannan lokacin ba tukuna. Danshi ne ke sauka har bango ya riƙa gumi kamar ɗan dambe, wandon jins na garin Xintang da ka shanya yau sai jikanka ya zo ya kwashe.

Aikina a lokacin shi ne ɗaurin kaya. Ɗan kasuwa ya sayo, mu mu duba, mu naɗe, mu sa a kwali, sannan a kai kwantena. Dokar Kawu ɗaya ce: abin da ba ka sani ba, kada ka taɓa. Kuma tun ranar da na gwada takalman wani kwastoma na yi rawa da su ya rantse cewa laifi ɗaya ya rage mini, sai jirgin Kano.

Ranar nan wani Alhaji Ilu ɗan Maraɗi ya kawo bakuna uku da ya saya wa masu wasan harbi a Yamai, wurin wani tsoho ɗan China. Suka fita da Kawu cin abinci, aka bar ni da kayan.

Na kwance ɗaya. Gajere ne, baƙi wuluk ta gefe guda, ya lanƙwashe har bakinsa biyu sun kusa haɗuwa. Ni jikan maharbi ne, na san baka: inda ya lanƙwasa nan tsirkiya take zama. Na ɗaura ta ta cikin gantsarwar, na ga ta yi sako-sako, na ƙulle ta sau biyu, na ja iya ƙarfina, na ɗauki hoto. Sai na ajiye shi a tebur na koma naɗe takalma.

Can na ji wani nishi, ƙasa-ƙasa, irin na saniyar da aka kwantar. Na waiga, babu kowa, sai ruwa na bin bango. Na ci gaba. Nishin ya dawo, da ƙas-ƙas kamar ana taka ƙashi. Na dubi tebur. Na bar bakan yana kallon bango, yanzu ga kansa ɗaya ya ɗago, ya karkato wajena. Ina tsaye ina kallo ya ƙara murɗawa, a hankali, kamar mai barci yana gyara kwanciya. Wani wari ya taso, na mahauta da kasuwar kifi a haɗe.

Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. A haka su Kawu suka same ni.

Alhaji Ilu ya dafe kai, ya kira tsohon a waya. Kawu bai yi faɗa ba, ya ce kawai in je in fara haɗa jakata idan an gama.

Tsohon ya iso da jikarsa mai jin Turanci. Bai gaisa da kowa ba. Ya yanke ƙullina, ya rungumi bakan, ya kunna ɗan murhun lantarki yana gasa shi sama-sama yana shafawa, yana yi masa magana a hankali. Jikar ta bayyana mana cewa wannan ba sanda ba ce. Gora ce a tsakiya, ƙahon ɓauna ta ciki, jijiyar sa ta baya, an manne su da danƙon da ake dafawa daga cikin kifi. Mahayan dā ne suka ƙirƙiro shi, don dogon bakan itace ba ya harbuwa a kan doki. Ƙaho yana son a matse shi, jijiya tana son a ja ta, shi ya sa ake tanƙwara shi ya koma kishiyar yadda yake kwance kafin a ɗaura tsirkiya. Ni na ja ƙaho, na matse jijiya, danshi kuma ya sassauta danƙon.

Na tambaya ko shi ya sa ya yi motsi. Ta faɗa wa kakanta.

"Ya ce dabba uku ne a ciki," in ji ta. "Ya ce ba su son a tashe su ta nan."

Tsohon ya ƙi barin wannan bakan ya tafi Yamai, ya ce wata rana zai fashe a fuskar wani, zai kawo madadinsa. Kawu ya kira shi maigida da Sinanci, ya ce, "Laoban, ka yi haƙuri, yaron ma gida zai koma." Ya miƙa hannu zai naɗe sauran biyun. Tsohon ya riƙe masa hannu, ya nuna ni. Jikar ta fassara mana.

"Ya ce wannan ne zai naɗe su. Ya ce duk ɗakin nan shi kaɗai ne yake tsoronsu yadda ya kamata."

Na naɗe su da auduga da maganin danshi, kamar jarirai. Kawu bai sake maganar jirgi ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan wanda ya ce ya san kaya tun daga gida shi ke ɓata su. Kowane kaya da mai shi, kuma mai shi yana da waya. Ku kira shi ku tambaya, ko da za a yi muku dariya. Ni dai har yau idan aka kawo dogon kwali, sai na kara kunne kafin in sa wuƙa.