Allurar da Ba Ta Rawa

Shekara talatin da huɗu ya yi a gidan ruwa yana duba ma'aunan injuna, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Allura. Kowace awa sai ya zagaya ma'aunai goma sha ɗaya, ya rubuta abin da allurar kowanne ta nuna a babban littafi mai jan layi, da alƙalamin tawada, ba gogewa ba gyara. Bai taɓa samun ƙarin girma ba, bai kuma nema ba. Da ya yi ritaya sai ya koma auna duk abin da ya samu, har ruwan sama a gwangwani da tsawon jikoki a jikin ƙofa.

Aikin autarsa ne ya ɗaure masa kai. A falo take yinsa, gaban allon kwamfuta mai cike da layuka. Ta ce gadin rumbun bayanai take yi, inda wasu asibitoci ke ajiye tarihin marasa lafiya. In rumbun ya cika, likita zai buɗe kwamfuta ya ga wayam.

Wata Alhamis da hantsi ya tarar da ita da jaka a gefe. Hutun kwana uku za ta tafi, saura ta aika wa shugabanta rahoto cewa komai lafiya.

"Auta, wai ina rumbun nan yake?"

"Cikin kwantena, Baba."

"Irin ta bayan tirela?"

Ta yi dariya. "Suna ne kawai. Ɗan akwati ne na manhaja. In ɗaya ya samu matsala, na'ura ta kashe shi ta ta da wani da sabon suna. Layukan nan ke gaya mini lafiyarsa. Wannan yawan masu tambaya ne, wannan saurin amsa, na ƙasa kuma cikar rumbun."

"Ashe ma'aunai ne aka yi wa kwalliya."

Ya gyara tabarau ya sunkuya. Sauran layukan suna ta hawa da sauka, amma na ƙasan a miƙe yake sak kamar an ja shi da rula, a kan sittin da ɗaya cikin ɗari, tun ƙarfe bakwai da minti ashirin.

"Shi wannan barci yake yi?"

"Kore ne, Baba. Kore lafiya ke nan. Mota za ta bar ni fa."

"Mu dai a wurinmu, in allura ta daina rawa ba a rubuta ta sai an ƙwanƙwasa gilashin da farce. Tana iya maƙalewa. Ku ina kuke ƙwanƙwasawa?"

Hannunta na kan maɓallin aikawa, sai ta janye shi. Ta yi ɗan tsaki, ta zuba wa rumbun tarin bayanan gwaji don ta ga ko layin zai motsa. Mai Allura ya ɗaga agogon hannunsa. Minti ɗaya, minti biyu, layi ko gezau.

Ta shiga bincike, fara'ar fuskarta ta gushe. Ashe da ƙarfe bakwai da minti ashirin aka sauya kwantenar. Manhajar da ke ɗauko awo tana ta sallama a tsohon suna, allo kuma yana maimaita amsar ƙarshe da ya ji. Da ta juya manhajar zuwa ga sabuwar kwantenar, layi ya yi tsalle zuwa casa'in da shida, ja wur.

"Wayyo, Baba! Da kafin la'asar ya cika."

Ta goge rahoton, ta kira shugabanta, ta ƙara wa rumbun wuri. Layin ya sauko arba'in da takwas yana ɗan karkarwa. Mota ta tafi ta bar ta, likitoci kuwa ba wanda ya san an yi.

Shi dai idonsa na kan allo, kan wani layi da ke nuna awon kwanakin baya. "To wannan mai ruwan ɗorawa fa, me ke sa shi tsalle duk ƙarfe goma?"

Ta duba.

"Ban sani ba," in ji ta. "Jawo kujera."