Kalmar da Ta Rage a Bakin Malam Saleh

Duk wanda ya saba hawa mota a tashar Utako a shekarun da Abuja ke ta tashi, gini na bin gini, ya san Muhibba mai zoɓo ko da bai riƙe sunanta ba. Gajeruwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, tana zama a gindin darbejiya kusa da inda motocin Kaduna ke lodi, da jar kula a gabanta. Direbobi da 'yan kamasho Maman Kauthar suke ce mata. Ba ta iya kiran ciniki ba, ba ta kuma da wata fara'ar da za a ba da labari. In bazara ta kankama, rana ta fara narka kwalta, murfin kular kawai take ɗan ɗagawa, ƙamshin ya yi mata tallar.

Mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Ƙaraye. Mijinta, Malam Saleh, shi ya riga ta zuwa Abuja, lokacin da soja suka koma bariki aka ce arziki ya sauka a birnin tarayya. Ya sha leburanci a wuraren gini kafin Allah ya haɗa shi da wani darakta na wata ma'aikata, wanda ya ɗauke shi kula da lambun gidansa a Maitama. Da ya ga ya ɗan tsaya da ƙafarsa, sai ya je ya ɗauko ta da 'yarsu Kauthar, suka kama ɗaki a wani gidan haya bayan tasha.

Malam Saleh mutum ne mai amana da tsoron Allah, amma fa kowace magana ta duniya da "a'a" yake buɗe ta. A ce masa yau an yi zafi, sai ya ce a'a, ai jiya ta fi. A ce masa tuwon ya yi daɗi, sai ya ce a'a, miyar ce dai. Muhibba ta zauna da shi har ta iya rarrabe a'ar tasa: akwai ta ƙi, akwai ta jan aji, akwai wadda ba ta nufin komai sai dai bakin ya saba.

Zoɓo kuwa a hannun mahaifiyarta ta koya, irin na gida: zoɓo, citta, kanumfari, sukari, shi ke nan. A Abuja ne ta ga 'ya'yan itace kamar ba a so, manyan motoci na sauke abarba da kankana da lemo a Zuba. Ta fara jefa ɓawon abarba a tukunya, daga baya ta riƙa matse ruwan abarbar tana haɗawa. Ya yi daɗi, amma bai fi na sauran mata ba.

Wata rana da la'asar Malam Saleh ya dawo da wani ɗan kore ganye a aljihu, naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida. Rassan da ya sassabe ne a lambun ogansa, aka ce ya zubar.

"Na'a-na'a ke nan," in ji shi. "Su a shayi suke sawa."

Muhibba ta shinshina, ta ɗauka za ta watsa a tukunyar da ke tafasa.

"A'a, a'a! Ba a dafa shi. Kina dafawa kin kashe shi. Murza shi za ki yi a tafin hannu, ki jefa bayan ya huce, ki rufe."

Ta yi yadda ya ce. Da ta zuba masa ya kurɓa, ya sake kurɓa, sannan ya ce a'a, sukarin ya ɗan yi yawa. Ya shanye kofin tas. Sauran rassan ya dasa mata su a yankakkun jarkoki a ƙofar ɗaki, shi ke ba su ruwa kafin ya fita aiki.

Tun daga nan zoɓon Maman Kauthar ya fita daban. Ma'aikata masu ɗaure wuya da laktaye sukan tsayar da mota su aiko a sayo musu. Ana yi mata odar suna da walima. Ta sayi firiza, ta sa Kauthar a makarantar kwana. Ciniki ya buɗe, kuma, a faɗi gaskiya, kanta ya ɗan kumbura.

Shi kuwa Malam Saleh jiki ya fara gaya masa gaskiya. Ciwon kai ba ya barinsa, jiri na ɗibarsa in ya sunkuya. Sai ya fara zancen komawa gida. Yana da gonar gado, yana so ya ƙarasa kwanakinsa inda aka san ubansa. Muhibba ba ta son jin zancen. Wa za ta sayar wa zoɓo mai abarba a ƙauye? Karatun yarinya fa? Kullum ya tayar da maganar sai ta kawar, har wata safiya ta tsakiyar bazara da ya ce ya yanke shawara, kafin damina za su tattara.

Tana tsugune tana tace zoɓo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, in tafiya za ka yi, ga hanya nan. Ni ba inda za ni. Ai ba lambun mutane ke riƙe da gidan nan ba, wannan tukunyar ce."

Maganar na fita ta so ta kamo ta, amma ina. Malam Saleh ko a'a bai ce ba. Ya dube ta, ya ɗauki hularsa, ya fita ko kokon da ta dama bai taɓa ba. Da azahar aka zo tasha aka gaya mata ya yanke jiki ya faɗi a cikin lambu.

A asibiti aka ce hawan jini ne ya buge shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Daraktan ya yi abin kirki, ya tsaya har aka sallame su. Likita ya ce a je gida a yi ta haƙuri, a riƙa ba shi abu mai ruwa-ruwa da cokali, kaɗan-kaɗan, kada ya sarƙe.

Ƙanensa Musbahu ya zo daga gida. Da ya ga yadda jikin yake, ya ja Muhibba gefe ya ce, "Yaya, rai a hannun Allah yake. In akwai wani abu tsakaninku, ki nemi gafara tun yana ji."

Dama abin da ke cin ta ke nan. Tun tana yarinya ta ji ana faɗin makomar matar da mijinta ya bar duniya yana fushi da ita, kuma ta yarda da hakan har cikin ɓargonta. Ta durƙusa a gaban katifar, ta sunkuyar da kai.

"Malam, na yi maka laifi. Don Allah, don Annabi, ka yafe mini."

Ya ƙura mata ido, leɓɓansa na rawa. Ya yi ta kokawa da harshen da ya yi masa nauyi, can sai sauti ya fito, karo na farko tun faɗuwarsa.

"A'a… a'a."

Musbahu ya kawar da kai, ya yi salati a hankali. Muhibba ta ɗago ta dubi mijinta. Ta san a'ar mijinta kala-kala, amma wannan ba ta taɓa jin irinta ba, ga ta da nauyi, ga naci. Ta tashi ta fita bayan ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Daga ranar ta kife tukunyar zoɓo, ta daina zuwa tasha. A ganinta sana'ar ce ta jawo komai, ko ganin kayanta zai ƙara masa ɓacin rai. Jarkokin ganyen ma ta kwashe su ta kai can ƙarshen gida, ƙofar maƙwabciyarta Hannah, wata Bagwariya 'yar Bwari mai gasa doya. Musbahu ya koma, ya bar ta da jinya.

Zafi ya yi zafi. Kwanon ɗaki ya riƙa ƙara da rana, wuta kuma sai ta ga dama. Duk abin da Muhibba ta kawo, ruwa ne, koko ne, kunun gyaɗa ne, sai ya kalli cokalin, ya kalle ta, ya ce, "A'a… a'a." Ita kuma sai ta janye. In ta daure ta matsa masa, ya karɓi cokali biyu ya kau da fuska. Leɓɓansa suka tsattsage, idanu suka faɗa. Tana kallon mutum yana bushewa a gabanta, tana kuma ganin ya gwammace ƙishirwa da ya sha daga hannunta. Ita ma abinci ya daina wuce mata, ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta.

Ana nan, wata rana da hantsi, sai ga Hannah ta yi sallama, da wani ƙaton dami na kore a hannu.

"Mama Kauthar, wannan ganye naki ya cika mini ƙofa fa. Kullum ina ba shi ruwa, yana girma anyhow. Na yanka miki, ki yi wani abu da shi." Ta leƙa ciki. "Oga Saleh, sannu. Yaya jiki? Allah zai ba da sauƙi."

Muhibba ta miƙe. Ta yi wuf ta karɓe damin za ta ɓoye a bayanta, amma ƙamshin ya riga ya cika ɗakin. Malam Saleh, wanda ko juyi ba ya yi sai an juya shi, ya miƙo hannun hagu ya damƙi bakin zanenta. Ya ja, ya sake ja, har ta durƙusa. Ya kama ganyen ya danna a hancinsa, ya lumshe ido. Sannan ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, ya tura harshe sama.

"Nn… a'a. Nn… a'a."

Muhibba ta matso kusa. Ta dubi bakinsa, ta dubi ganyen.

"Na'a-na'a?" ta ce. "Malam, na'a-na'a kake cewa?"

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido, ya ɗaga kai ya sauke.

Inna lillahi. Ashe duk kwanakin nan roƙonta yake yi. Harafi ɗaya ne harshen ya kasa ɗagawa, ita kuma da Musbahu suka ji abin da suka saba ji a bakinsa. Mutum yana kwance yana kiran abin sha da sunansa, tana ɗauke masa shi tana kai shi ƙarshen gida.

Ba ta tsaya kuka ba. Hannah ta ruga tasha ta sayo abarba da ƙanƙara, ita kuma ta hura gawayi. Ta wanke zoɓon sau da yawa har yashi ya fita, ta ɗora shi da ɓawon abarba da 'yar citta kaɗan, don kada ta yi masa yaji a maƙogwaro. Da ya yi ja sosai ta sauke, ta tace da rariya, ta sake tacewa da farin ƙyalle. Ta riƙa ɗaga shi da ludayi tana fifita, tana jin kamar ba zai taɓa hucewa ba. Sukari ko ƙwaya ba ta sa ba, ta daka naman abarbar ta matse, zaƙinsa ya wadatar. Sai da ya huce sarai ta tsinke ganyen, ta murza a tafin hannu har ya yi duhu, ta jefa, ta rufe. Ta dasa kwanon a cikin ƙanƙara, ta zauna tana gadinsa.

Ta tallafo kansa a cinyarta, ta kai cokali. Ya buɗe baki tun kafin ya iso. Ya haɗiye, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya sake buɗewa. Cokali na bin cokali, har aka ci rabin kofi. Hannah, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta share ido da gefen ɗankwali ta ja musu labule.

Farin ciki ya kama Muhibba, amma bai kai ƙasa ba. Ya sha, alhamdu lillahi. Sai dai tambayarta tana nan ba amsa. Wancan karon ba ƙi ya yi ba, amma kuma bai ce ya yafe ba, kuma kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa. Tsoro ya kama ta, ta kusa yin shiru ta bar abin haka. Sai ta ga ba za ta iya rayuwa da rashin sani ba. Ta ajiye cokalin.

"Malam, maganar da na faɗa maka ran nan. Ka yafe mini?"

Leɓɓansa suka motsa, sai ya datse su, kamar ya gane abin da kalmar tasa ta yi mata. Ya daɗe yana kallon fuskarta, da ƙasusuwan wuyanta da suka fito. Sannan ya lalubi kofin da hannun hagu, hannun da ba a ba mutum abu da shi, amma shi kaɗai gare shi. Kofin na karkarwa, zoɓo na ɗiga a kan zanenta, ya ɗaga shi a hankali har ya taɓa leɓenta. Ya riƙe a nan, bai sauke ba sai da ta sha.

Malam Saleh bai ga damina ba. Ya rasu wata ranar Alhamis da rana tsaka, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wadda yake da ita ba. Muhibba ta sa aka kai shi gida, aka binne shi kusa da mahaifinsa.

A zaman makoki Musbahu ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya, don abin da ya gani da idonsa bai bar ransa ba.

"Yaya, yaya kuka ƙare da shi?"

"Ya yafe," in ji ta.

"Ya yi magana ne?"

"Bai yi ba. Ragowarsa ya ba ni."