Agogon Shitu Mai Goge

Har yau 'yan Xiaobei, unguwar baƙi 'yan kasuwa a ƙasar Sinawa, ba su manta ranar da Malam Shitu ya tara su a gidan abincin Ajara don ya nuna musu agogo mai kiran salla ba. A 1998 ne. Ya sa wata masana'anta ta ƙera masa katan-katan, zai tura Kano. Ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya danna. Sai goge ya tashi, siriri, mai ban tausayi, tarin kayan busa na mara masa baya.

Ajara ta saki ludayi.

Shitu Bakano ne, mai auna kaya yana ƙulla su zuwa jirgi, kuma shi ke jan salla a gidan hayarsu na unguwar Dengfeng. Ya koma wurin lawban, mai masana'antar, a fusace. Lawban ya ce canji kam "meyo", babu. 'Yarsa mai koyon goge ce ta sauya sautin don ta ga ya fi daɗi. Kiɗan wani Baturen Ingila ne da ya daɗe da mutuwa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsara waƙoƙi da dogayen kiɗe-kiɗe, goge ɗaya na gaba, sauran na biye.

"Kamar liman da mamu," in ji Shitu a ransa, sannan ya yi istigfari.

Agogunan dai Sinawa aka karyar wa. Amma ya ɓoye ɗaya ƙarƙashin matashi. Ba a jima ba aka fara jin sa yana gunjin kiɗan ta hanci in yana ɗaure kwali.

Nan limancinsa ya fara rawa. Inusah, ɗan zangon Kumasi, wanda ya daɗe yana hangen gaban sahu, ya tayar da maganar bayan sallar Azahar.

"Malam, mu fa ba mu gane ba. Kai muke bi ko Baturen? Jiya a ruku'u na ji kamar za ka ɗauko amshi."

Aka fashe da dariya. Shitu ya bari ta lafa.

"Inusah, a nan garin ka taɓa jin ladan? A da, ni da ku duk rana ke tashin mu. Yanzu Baturen nan yana jan gogen farko nake dira in kashe agogon kada ku ji. Tunda na miƙe, sai in yi alwala, in bi ɗaki-ɗaki ina buga muku ƙofa. Naka ma sai na buga sau uku. In kana da wanda ya fi marigayin tayar da Musulmi, kawo shi, ga sallayar."