Kwamandan da Ba Ya Ci Sai Kowa Ya Ci

Na ga abubuwa da yawa a zamana na Guangzhou, wasu har sun goge daga raina. Amma ranar da na daka wa wani tsohon kwamandan yaƙi tsawa a kan malmalar tuwo, wannan kam da ita zan shiga kabari.

A shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, abinci nake sayarwa a wani ɗan gidan sama da na kama haya kusa da titin Liuhua. Tuwon shinkafa, miyar kuka, wani lokacin dambu. 'Yan kasuwar Kano da Maraɗi da Yamai su ne masu hawowa wurina. Shekarar nan biza ta yi tsauri, kowa na rige-rigen tura kayansa tashar jiragen ruwa ta Nansha kafin kwanakinsa su ƙare. Babu wani lokacin cin abinci, wanda ya samu sarari ya hawo.

Ana cikin haka wata ƙawata, Bahaushiyar Kamaru mai saro tufafi a kasuwar Shahe, ta kawo mahaifinta ganin likita saboda ciwon suga. Kullum sai ta ajiye min shi ta wuce kasuwa. Abu ɗaya ta roƙe ni: in ya yi allurarsa ta rana, kada ya daɗe bai ci ba, don likita ya ce sugan na iya faɗuwa ya tafi da shi.

Dogon tsoho ne siriri, ba ya jingina da kujera. A bakinsa na ji tarihin da ko a ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi karatu da furfurata, ba a gaya mana ba. Ɗan mai fataucin goro ne. Faransawa suka ɗauke shi soja yana saurayi, ya ga yadda ake dukan mutanensa, ya gudu da bindigarsu ya shiga daji wurin masu neman 'yanci. Har nan China aka taɓa turo shi koyon dabarun yaƙi, ya koma aka ba shi runduna. Da ƙasa ta samu 'yanci, wasu ne suka hau kujera, shi kuwa ya sha ɗauri, ya fito ya ƙare da facin taya. Bai taɓa faɗin wannan da ɗaci ba. Da ɗan Sinancin da ya rage masa yake tsokanar mai kawo min gas, har mutumin yake kiransa lawban, wato maigida.

Matsalar ɗaya ce: Baba ba ya cin abinci muddin akwai wanda bai ci ba. Ya ce a daji rogo guda ake rabawa, kuma kwamanda shi ne na ƙarshe, in bai rage ba ya kwana haka. Da wannan mutanensa suka yarda su bi shi cikin ruwan harsashi. An gama yaƙi tun kafin in yi wayo, amma shi bai sauke dokar ba. Da farko nakan faki lokacin da ɗaki ya yi sarari in tura masa kwano.

Ranar da nake faɗa, sararin bai samu ba. Zafi kamar a tukunya, wannan na fita wancan na shigowa. Baba ya yi allurarsa bayan azahar, na ajiye masa tuwo, ya miƙa wa wani Bakano da ya shigo. Na sake zubawa, ya tura wa wani. La'asar ta gabato, na juyo na ga gumi ya jiƙe masa riga, hannunsa na rawa a kan gwiwa. Tuwon farko ya ƙare, ina tuƙa na biyu, ga wasu Alhazai biyu 'yan Maraɗi suna jira. Malmala ɗaya ta rage, wadda na ɓoye masa.

Na ce, "Baba, don girman Allah ka ci."

Ya nuna Alhazan da haɓa. "Bayin Allah nan ba su ci ba."

Ɗaya daga cikinsu ya yi wuf ya ce, "Wallahi Baba mun ci a hanya."

Baba ya ce, "Alhaji, har da rantsuwa? Tun shigowarka idonka na kan tukunya."

Suka yi dariya, ni ban yi ba, don na ji harshensa ya fara nauyi. Na kawo ruwan sukari, ya kawar da kai. Na yi lallashi, na ambaci 'yarsa, na ce zan kira likita. Ko gezau. Raina ya ɓaci, na zo na tsaya a kansa da muciya a hannu.

"Baba, a dajinku wa ke ci a ƙarshe?"

"Kwamanda."

"To a gidan nan wa ke ba da oda? Wa ke cewa a ɗora, wa ke cewa a sauke?"

Ya ɗago ido da ƙyar. "Ke ce, 'yar nan."

"Ashe ka sani! Nan ba rundunarka ba ce, tawa ce. Kai kurtu ne a nan, kurtun ma sabon shiga. Ni ce ta ƙarshe, kuma ban ci ba. Me kuke yi wa sojan da ya ƙi bin oda?"

A raina na ce shi ke nan, na ci mutuncin uban mutane a gaban baƙi. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya dafa bango zai miƙe, Alhazan suka tare shi. A zaunen ya ɗaga hannun nan mai rawa zuwa goshi, ya sara min.

"Ba a barinsa ya ƙi, ranki ya daɗe."

Ya shanye ruwan sukarin, ya sa hannu a tuwo. Ina tsaye har ya kai loma ta ƙarshe, sannan na shige kicin na yi kukana, tuwo na biyu ya kama a tukunya.

Ban san na ɗaura wa kaina dutse ba. Daga ranar har suka koma gida, da ya gan ni zan kai wani abu baki sai ya yi gyaran murya. "Kwamanda, akwai mutum biyu a matakala." Dole in ajiye. Na rame a watan nan, shi kuwa har kumatu ya yi.

Ya rasu bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙansa. Abin da na koya a wurinsa shi ne, mutumin da aka ƙwace masa komai sai ɗabi'a guda, kada ka ce za ka karya ta don ka cece shi. Ka shiga cikinta ka same shi. Kuma duk wanda ya buɗe baki ya ce shi ne shugaba, to ya shirya wa yunwa.